Ƙaltume Ta Samu Baƙi'a

"Zuba ruwan, Sa'adiya, ba kallo aka kira ki ba," in ji Inna Dumbulwa, mai wankan gawar unguwarmu ta Al-Sih a Madina.

Ni ce riƙe da buta. Maƙwabciyarmu Ƙaltume na kwance a kan katako, daga haƙarƙarinta zuwa ƙugu duk ya kumbura ya yi baƙi.

"Inna, wannan fa?"

"Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani. Duk makarantar taki ba a koya miki ba?"

An koya mini. Amma katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ina da kunne. Ƙaltume kunun gyaɗa take sayar wa alhazai a kusa da Harami, da shi ake ci a gidan. Mijinta Badaru ya daina dako, ya koma gadin wa ta yi wa murmushi. Wani alhaji ɗan garinsu ya ce mata Madina ta karɓe ta, ta yi dariya. Labarin ya riga ta isa gida, a daren na jiyo dukan ta katanga.

Da ta fara tofar da jini na ce mu tafi asibiti. Ta ce, "Da wace iƙama, ƙanwata, ni da ba ni da takardar zama? A kwashe ni a mayar gida, 'ya'yana a nan?"

Da muka fito daga wankan gawar, tsakar gida cike yake da mata.

"Wallahi ta dace," in ji Yaya Rakiya, matar mai gidan hayar. "Maƙabartar Baƙi'a fa! Maƙwabtaka da Manzon Allah. Tun ina budurwa nake roƙon wannan, ga wadda ta zo jiya-jiya ta riga ni."

"Wasu da sa'arsu suke zuwa," wata ta ce, har da ɗan tsaki.

Ban san lokacin da na ajiye butar ba.

"Haƙarƙarinta a karye yake! Duk kun ji ihunta, kuka ƙara muryar rediyo. Yanzu kuma kabarin kuke mata hassada?"

"Halas, ya isa, Sa'adiya!" Inna ta daka min tsawa. "Kin tona asirin gawa."

Maza suka shigo suka ɗauki makara, Badaru a gaba, yana share hawaye da gefen rawaninsa.

Yaya Rakiya ta tsaya a bakin ƙofa. Mayafinta ya zame, na ga wuyan hannunta a kumbure. Ta ja shi ta rufe a hankali, idonta na kan makarar har ta sha kwana.