Hoton Gwaji

Sai da suka tsaya a gaban gilashin shagon kyamarori sannan Auta ta lura 'yan kunnen Mama ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya mai ɗan dutse, ɗayan zobe. Ta kai hannu kamar za ta kaɗe mata wani abu a kafaɗa, ta ja mayafin ya rufe kunnen hagu.

"Ku shigo mana," in ji Yaya, ya tokare ƙofa da ƙafa, waya manne a kunne. "Sanyin mutane yana fita."

Shagon dogo ne siriri, a matse tsakanin kantin magani da wurin gyaran waya. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin wani bokiti. Kyamarori suna jere a akwatin gilashi, sababbi a sama, na hannu a ƙasa, kowace da 'yar takarda rataye a wuya. Auta ta samo wa Mama kujera, ta zaunar da ita inda iska ba ta bugawa sosai, sannan ta jingina da kantar shagon. Ƙafafunta sun yi nauyi. Daga ofis ta biyo, bayan ta sake roƙon shugabarta rabin yini, shugabar kuma ta ce to ba tare da ta ɗago kai ba.

Shawarar kyamarar ta Yaya ce. Bara wayarsa ta faɗa ruwa, ta tafi da hotunan yaransa tun daga haihuwa. Kafin nan, da Baba ya rasu, an birkice gidan kaf ba a samu hotonsa ba sai na katin aiki, wanda hatimi ya cinye rabin haɓarsa. Shi ya sa da makarantu suka kusa yin hutu Yaya ya ce bana gaba ɗaya za a tafi bakin ruwa, da shi da matarsa da yara da Mama da Auta, kuma da kyamara ta gaske za a je, a wanke hotuna a sa a bango. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ta yi tsada.

Auta ba ta son tafiyar. Ta gaya masa a waya, ta gaya masa ido da ido. Mama ta ɗora butar lantarki a kan gas har ta narke. Maƙwabciya ta tsinto ta a tashar bas da ludayi a hannu, wai za ta je ɗauko yara daga makaranta. Abin da Auta ke nema bai wuce biyu ba: a kai Mama wurin likitan ƙwaƙwalwa, a samo matar da za ta riƙa zama da ita da rana. Ita kaɗai ba za ta iya ba, ko da kuɗi ko da jiki.

"Tsufa ne," abin da Yaya ke cewa ke nan. "Ni ma ina manta inda na ajiye makulli. Ke dai kin cika sa abu a rai."

Ba za ta ce ƙarya yake yi ba, abin da yake gani ke nan. A wani gari yake aiki. Ranar da zai zo, Auta ke yi wa Mama wanka, ta zaɓa mata kaya, ta riƙa nanata mata wanda ke tafe. In ya shigo Mama ta washe baki ta ce ya hanya, ya yara, ya aiki, kai ka rame. Ya ci abinci, ya yi dariya, ya tafi kafin la'asar, kafin lokacin da Mama ke fara zagaye ɗakuna tana neman abin da ba ta san sunansa ba.

Mai shagon ya taso daga bayan kanta, tabarau rataye a ƙirjinsa da igiya. Ya gaida Mama da rusunawa, sannan ya juyo.

"Yallaɓai, me za a riƙa ɗauka? Mutane ko tsuntsaye?"

"Yara," in ji Yaya. "Irin waɗanda ba sa tsayawa wuri ɗaya."

"Tsuntsaye ke nan."

Yaya ya yi dariya, ya nuna wata baƙa mai dogon hanci a saman jeri. Mai shago ya danna lambobi a kalkuleta ya juyo masa da ita.

"Da mota ake haɗa ta?"

"Ba ta ku ba ce dama. Wannan sai an rataya ta kamar jariri, rana ta biyu za ka bar ta a masauki ka koma waya." Ya sunkuya ya fito da guda biyu, ya ajiye su a kan wani kyalle. "Ga sabuwa, ƙarama, tana shiga aljihu, da garantinta. A rana ba ta da laifi. Amma in aka shiga ɗaki ko gari ya fara duhu, fuskoki sai su fito kamar an shafa musu toka. Ga kuma ta hannu. Ta ɗan fi tsada. Wani malamin makaranta ne ya riƙe ta, kun ga ƙujewa nan a gefe, amma idonta lafiya lau. Ita tana gani a ɗaki. Sai dai babu garanti, batirinta kuma ya fara gajiya, za ku so na biyu."

"Sabuwar," in ji Yaya. "A waje za mu yini."

"Ta hannun ta fi," in ji Auta. Muryarta ta fito ƙasa da yadda ta so. "Mama a ɗaki take yawanci."

"A ɗaki kuma? Bakin ruwa na ce miki."

Ta matsa kusa da shi, ta juya wa kujerar Mama baya. "Yaya, ba za ta iya tafiyar nan ba. A gidanmu ma ɓata take yi tsakanin kicin da banɗaki. In ta farka a baƙon wuri..."

"Auta, don Allah. Ba a nan ba."

"To a ina? A waya ka ce sai ka zo. Ka zo kuma ka ce a fito sayen kyamara."

"Dube ta fa." Ya nuna da haɓa. Mama tana zaune a miƙe, hannuwa a kan cinya, tana gaya wa mai shago cewa shagonsa da tsabta, Allah ya kawo kasuwa. "Wannan ce za a kai asibitin masu taɓin hankali? So kike mutane su ce me?"

"Ba asibitin masu taɓin hankali ba ne."

"Canjin iska take buƙata. Kullum tana kulle da ke, ke kuma fuska kamar an aiko miki da sammaci. Ko ni ne sai na fara mantuwa."

Auta ta dubi bokitin da ruwa ke ɗiga a ciki, ya kusa cika. Tun tana ƙarama haka take da shi, in ya ɗaga murya kaɗan sai maganarta ta koma ciki, sai ta kwanta ta tuna duk abin da ya kamata ta ce.

Mai shago ya yi gyaran murya. Da alama ya saba da iyalai masu raɗa a gaban kantarsa.

"Ni ba na sayar da kyamara da baki," ya ce. "Ku tsaya can ƙurya, jikin bango, inda haskena ya fi muni. In ɗauke ku da kowace, ku gani da idonku. Mama, a taimaka a tashi kaɗan?"

Auta ta kama hannun Mama. Suka tsaya a ƙuryar, Mama a tsakiya, bayansu kwalaye. Yaya ya gyara wuyan riga, ya dafa kafaɗar Mama.

"Malama, a ɗan saki fuska, ba hoton fasfo ba ne. Yawwa. Yallaɓai, a shigar da ciki."

"Ciki na kuɗi ne, bar shi."

Mama ta yi dariya saboda ta ji ana dariya. Mai shago ya ɗauka da ƙaramar, ya ɗauka da ta hannun, ya dawo ya jera su a kan kantar, allo yana kallon sama. Auta ta mayar da Mama kan kujerarta.

Bambancin ba ya buƙatar bayani. A ƙaramar, su uku ne a cikin hazo. A ta hannun komai ya fito, har zaren da ya zare a bakin mayafin Mama, har furfurar da ta fara cin gefen kan Yaya. Auta ta ga ƙasan idanunta, ta kawar da kai.

Yaya ya daɗe yana kallo. Ba ya son ya ce ta fi shi gaskiya, ta san wannan shirun. Sai ya ɗauki ta hannun ya juya wurin Mama da fara'a.

"Bari mai gida ta raba gardama. Mama, duba nan. Mun yi kyau?"

Ya saƙala mata igiyar a hannu kada ta faɗi. Mama ta kawo allon kusa da fuska, ta nisanta shi, ta sake kawowa.

"Kai, ya fito tas," ta ce. "Kamar ka yi musu magana su amsa."

"Kin ji ko?" Yaya ya dubi Auta. "Ido garau."

"Wannan yarinyar na san ta," in ji Mama, ta ɗora farce a kan fuskar Auta. "Ita ke zuwa tana ba ni magani. Tana da kirki, sai dai ba ta da magana." Farcen ya matsa tsakiya. "Tsohuwar nan ban san ta ba. An sa mata kaya masu kyau dai."

Murmushin Yaya bai tafi ba, tsayawa ya yi a inda yake.

"Mama, wasa kike. Wannan fa? Na gefe?"

Ta duba da kyau. Ta ɗago ta dube shi, ta koma kan allon, ta ga rigar ɗaya ce. Fuskarta ta saki, irin ta wanda ya ci jarrabawa.

"Ai kai ne. Direban da ya kawo mu." Ta juya wurin Auta, ta rage murya, amma kowa ya ji. "'Yar nan, an sallame shi kuwa? Kada mu tsayar da bawan Allah, yana da iyali."

Mai shago ya ɗauki kyalle ya shiga goge gilashin da ba shi da datti.

Wannan ne abin da Auta ta daɗe tana so ya gani. Ta sha tsara shi a ranta a cikin bas, yadda zai tsaya, yadda za ta ce masa ka gani ko. Yanzu ga shi ya tsaya, hannunsa ɗaya a sama bai ƙarasa saukewa ba, kunnuwansa kamar na yaron da aka tsayar a gaban aji. Ba ta ji daɗin komai ba. Gajiya kawai ta ji.

"Allon ne ƙarami," ta ji bakinta yana faɗa. "Kuma ba ta zo da tabaranta ba. Mama, Yaya ne fa. Babban ɗanki."

"Na sani mana," in ji Mama da sauri, da muryar da take yi wa baƙi. Ta yi masa murmushi. "Ya hanya? Ya yara? Ya aiki?"

Yaya ya buɗe baki. Tambayoyin da yake amsawa duk zuwa ne, a jere yadda ya saba jin su.

Ya sa hannu a hankali ya zare igiyar daga wuyan hannun Mama, ya miƙa wa mai shago kyamarar.

"Wannan za a ba mu?" in ji mai shago, ƙasa-ƙasa. Yaya ya gyaɗa kai. "Da batir na biyu?" Ya sake gyaɗawa. "Hoton gwajin fa? Gogewa nake yi kafin in sa a kwali."

Yaya ya kawar da kai. Mai shago ya dubi Auta.

"Bar shi," ta ce.

Ba a yi ciniki ba. Yaya, wanda ko lemo ba ya saye sai ya nemi ragi, ya miƙa kati ya danna lambobinsa. Mai shago ya naɗe caja, ya nuna wa Auta inda katin ajiya ke shiga da maɓallin da za ta bari a kai in ba ta son wahala, ya ce kada a bar ta cikin mota a rana, kada yashi ya shiga idonta. Auta tana ta cewa to. Ta kasa tambayar ko har yanzu akwai yashin da za a je.

Yaya ya turo ledar gabanta a kan kantar. Ya tsaya a gaban kujerar Mama kamar zai durƙusa, sai kuma bai yi ba. Mama ta ɗago ta dube shi da fara'a.

"Allah ya yi albarka," ta ce. "A gaida mutanen gida."

Ya juya, ya ja ƙofar a hankali, ya riƙe ta har ta rufu ba tare da ƙara ba. Ta cikin gilashi Auta ta bi shi da ido. Motar tana hannun hagu, a gaban kantin magani. Shi kuwa hannun dama ya nufa.