Muryar Inna a Faifan Ajiya

Saura kwana uku a yi sadakar arba'in ta Inna, laftof ɗin gidansu na Agege ta mutu murus. Wuta aka kawo da ƙarfi, faifan cikinta ya ƙone. Zulkifilu, autan marigayiyar, ko a jikinsa. Yo ba gyaran kwamfuta ne sana'arsa ba? A shagonsa na Ikeja har oga ake ce masa. Ya ce wa yayarsa Zuwaira ta kwantar da hankalinta, komai yana cikin faifan ajiya na waje, wanda shi da hannunsa ya saita kwamfutar ta riƙa zuba masa kwafi duk Juma'a.

Abin da ke ciki kuwa ba na wasa ba ne. A watannin jinyarta, sau shida Inna ta zauna gaban laftof ɗin ana ɗaukar muryarta tana ba da tarihin gidan: kakanta soja da ya sauka Legas zamanin Turawa, wa ya haifi wa, wa aka aurar unguwar Ojo, wa ya koma Arewa. Tana yi tana sirkawa da Yarbanci tana dariya. Dangi duk sun sa rai za a kunna musu ranar sadaka.

Da safe ya jona faifan a shago, sai gabansa ya faɗi. Kwafin ƙarshe na watan Afrilu ne, Inna kuwa sai a Yuni ta fara.

Bai sha wuyar gano dalili ba, wannan ne ma ya fi ci masa rai. A Afrilun nan ya ɗora wa laftof ɗin sabuwar babbar manhaja, don kawai ya gaji da ganin tsohuwar. Sabuwar ta canza wa faifan waje harafi, daga E zuwa F, manhajar ajiya kuma ta ci gaba da laluben E har Allah ya karɓi ran Inna. Kuma ba a ɓoye masa ba! Duk Juma'a wata 'yar alama ruwan ɗorawa takan leƙo a gefe, shi kuwa gogan naka ya danne ta ya ce sai an jima. Mutumin da yake yi wa kwastomomi faɗa kan sakaci kamar zai ci su ɗanye. Laifi tudu ne dai.

Ya bi faifan waje lungu-lungu, babu. Ya kai ƙonannen faifan laftof ɗin wurin Isiyaku, maƙwabcin shagonsa da ya fi kowa iya ceto bayanai a layin. Isiyaku ya buɗe, ya shinshina, ya gwada na'ura biyu, ya ce sai dai haƙuri.

A cikin motar haya ta danfo, a hanyar gida, ya shirya ƙarya tsaf: wutar ce ta haɗa da faifan waje. Wa zai gane? Amma da ya tarar da Zuwaira a tsakar gida tana tsince shinkafar sadaka, ƙaryar ta ƙi fitowa. Kunya ta kama shi har wuya. Ya durƙusa ya faɗa mata komai, har da alamar da ya riƙa dannewa.

Ya so ta zage shi, da ya fi samun sauƙi. Ba ta yi ba.

"Amma ai kana zaune lokacin da Inna take ba da labarin," in ji ta. "Sai ka rubuta mana abin da ka riƙe."

"Yaya, kunnawa kawai nake yi in fita amsa waya."

Zuwaira ta ajiye tiren a hankali.

"Sau biyu ta aiko in zo in zauna in ji," ta ce. "Na ce mata ina kan girki, tunda ana ɗauka zan saurara daga baya."