Ceri Ɗaya a Gwangwani

"Tsiyaye ruwan tas, Arlene. Na ce tas! Ke kullum cikin sauri kamar wadda aka biyo."

Arlene ta ƙara girgiza rariyar, 'ya'yan itacen gwangwani suna ɗigar da ruwan sukari. Verna na zaune a keken guragu kusa da teburin kicin, robar iska a hancinta, bargo a cinyarta. Jiki ya ƙare, baki ne kawai bai san an yi ciwo ba.

Tun suna amare suke maƙwabtaka a wannan ƙaramin gari na jihar Iowa ta Amurka, amma Verna ba ta taɓa barin kowa ya sa mata hannu a fai, kayan zaƙin da take haɗawa a faranti duk Kirsimeti, ba. Yau ga shi ko cokali ba ta iya riƙewa. Asibiti sun sallamo ta, sun ce a je gida a kula da ita, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Arlene ta danne dakakken biskit da bota a gindin faranti. Ta narkar da garin jeli, ta juye cikin madarar Kirsimeti mai ƙwai da kayan ƙamshi, wadda sai a wannan watan ake ganinta a kanti. Tana shirin zuba 'ya'yan itacen Verna ta daka mata tsawa.

"Tsaya! Ina cerin?"

Masu gwangwanin nan marowata ne, ɓari ɗaya tak na ceri, wani ɗan jan ɗan itace, suke jefawa. Tun Dale, ɗan Verna tilo, yana yawo da gajeren wando, wannan ɓarin nasa ne. Arlene ta tsamo shi ta ajiye a gefe, sai da haɗin ya fara kauri ta ɗora shi a tsakiya.

Dale yana aiki can Texas, ya daɗe bai leƙo gida ba. Bana ya ce zai zo jajibirin Kirsimeti, ga shi wata bai ko raba ba.

"To mu sa a firiza ya jira shi," in ji Arlene.

"Firiza? Shi ya sa abincinki ko karenki sai ya yi shawara. Abin jeli in ya daskare ya narke, ruwa yake komawa. A firji za ki sa, kuma ba ya daɗewa."

"To don me muka yi shi yanzu?"

Verna ta kau da kai wajen taga, inda dusar ƙanƙara ke sauka a kan motar da ta daina tuƙawa.

"Kira shi ki ce an riga an yi. Ya san ba ya jira."

Nan Arlene ta gane. Matar nan gara ta haɗiye harshenta da ta ce wa ɗanta tana mutuwa, shi ne ta aika fai ya faɗa a madadinta. Arlene ta ɗauki waya ta fita baranda cikin sanyi.

Dale ya yi dariya. "Tun yanzu? Ku cinye abinku, Anti Arlene. In na zo Mama ta yi min wani."

"Dale, babu wani da za ta yi. Ka taho."

"Haka kuka ce bara, na kusa rasa aikina, na zo na tarar tana yi wa mai kawo wasiƙa faɗa. Na riga na yanki tikiti. Ki ce mata ina nan tafe."

Ta so ta zage shi, amma da gaskiyarsa, bara Verna ta tashi. Ta koma ciki tana goge takalma fiye da yadda ya kamata.

"Ya ce zai duba."

Verna ta daɗe tana kallonta. "Rufe shi da kyau, kada ya kwashi warin albasa."

Daga ranar ba ta sake ambaton Dale ba. Amma duk motar da ta rage gudu a layin sai ta ɗaga kai daga filo. Arlene ta roƙe ta ko ɗan yanki ta ɗanɗana, ta ce ba a yanka shi sai mai ceri ya zauna. Abin ya riƙa cin Arlene a rai, har ta tsani buɗe firjin.

Wata safiya Arlene tana kwashe ƙanƙara daga matakalar gidan, don kada mai zuwa ya zame, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Verna ta leƙo ta kira sunanta a hankali. Arlene ta jingine shebur ɗin. Ta san Verna ta cika.

Dale ya iso ana gobe jana'iza, gashinsa ya fara furfura. Mutanen coci sun cika teburi da kwanonin abinci, bai dubi ko ɗaya ba. Ya wuce ya buɗe firji.

Fai ɗin na nan a rufe, ba a taɓa shi ba. Ya janye daga bakin faranti, ruwa ya kwanta a gefe, biskit ɗin ya jiƙe ya zama tabo.

"Har yanzu zai ciwu?" ya tambaya, bai juyo ba.

"A'a," in ji Arlene. "Ya wuce."

Bai rufe firjin ba. Yana tsaye da rigar sanyinsa, hasken ciki na kan takalmansa. Cerin ya ɗan nutse a tsakiya, jansa ya zuba ya yi zobe a kan farin.