'Ya'yan Tabawa a Layin Uku-Uku

A Aliero ba a taɓa ganin ɗaya daga 'ya'yan Tabawa shi kaɗai ba. Arzika, Barau da Audu ko faɗa za su yi, kafaɗa da kafaɗa suke yinsa. Ni dai abin har haushi yake ba ni, ƙarti da gemu kamar 'yan tsaki.

Shekarar da Nasara ya sa a share hanyar Jega, masinja ya zo ya jera mazan gari, ya ce zai ƙirga uku-uku, duk wanda ukun ta faɗa kansa ya tafi aikin hanya, yankin da zai ci wa mutum wata guda. Ga albasar 'ya'yan Tabawa kuwa saura mako biyu a cire, kuma in ba su uku ba, rabinta a ƙasa zai ruɓe.

Arzika, babbansu, ya ƙirga daga gaba. Su ne na bakwai, takwas, tara. Tara ta kama Audu.

"Mu ja baya," in ji shi.

Suka koma goma sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Barau ya shiga. Suka sake matsawa da mutum ɗaya, sai ga ta kan Arzika da kansa. Suka yi ta yawo cikin layi suna taka ƙafafun mutane.

Tabawa ta leƙo ta katanga, ranta a ɓace. "Ku uku jere, ƙirga uku-uku, ina za ku ɓoye? Dut inda kunka tsaya sai ta ci guda. Ku bari wani shi shiga tsakaninku mana!"

Suka dubi juna kamar ta ce su yi sata. Ba wanda ya motsa, ƙirga ta zo ta ɗauki Audu.

Da za a tafi, masinja ya ga mutum uku da fartanya uku.

"Guda na kira."

"Yankin guda za mu yi," in ji Barau. "Kwana talatin in an raba ukku, nawa ke nan?"

Masinja ya yi dariya ya ƙyale su.

Ran kwana na goma sha ɗaya suka shigo gari baƙi ƙirin, suna gardamar wanda ya fi lalaci. Tabawa ta ji daɗi har ta share ƙwalla, amma ba ta bari sun zauna ba. Kwanduna uku ta miƙa musu, ta nuna hanyar fadamar albasa.