Muryar Wada da Ludayin Gyara

Shekara goma sha ɗaya Wada yana yi wa man gyaɗar Hajiya Marwa shela. Ranar kasuwa sai ya ɗaure amsa-kuwwa a kan moto, wato babur ɗinsa, yau Waca, jibi Mallawa, yana zabga ihu har awaki su nemi tsinke igiya. Kuma ko maƙiyinsa ya shaida, duk kasuwar da ya shiga, bidon man Hajiya, wato jarkar, wayam yake komawa Magaria.

Ana nan sai Hajiya ta ce ta gaji da biyan talla biyu, ga rediyo ga Wada, ɗaya za ta sallama. Ta danƙa hukuncin a hannun Nabila, 'yar ƙanenta, wadda ta gama jami'a a Damagaram ta dawo da ordinater, wato kwamfuta, da tambayoyi marasa kunya. Tambayar farko ita ce, me za a auna, litar da ta fita ko kuɗin da suka shigo? Wada ya yi caraf ya ce lita mana, ai mai ake sayarwa. Nabila ta ce ta riga ta duba duka biyun: ranakunsa lita tana tashi sama, kuɗi kuwa suna nan zaune kamar an dasa su. Ta roƙe shi ya yi mata shelar ta ji.

Wada dai ba a roƙonsa sau biyu. Ya miƙe a tsakar gida ya yabi man, ya yabi gyaɗar, ya yabi kakar wanda ya shuka ta, sannan ya rufe da abin da ya saba: a ce Wada ne ya aiko, a yi wa mutum gyara. Masu sayarwa kuwa sun daɗe da gajiya da gardama, duk wadda ta ambaci Wada sai su ƙara mata ludayi guda a kan kowace kwalba.

"To Baba Wada," in ji Nabila, "wannan ai ragi ne. Wa ke sayar da man, kai ko ludayin?"

Maganar ta yi masa zafi, wallahi, don shi kansa bai san amsar ba. Aka tsayar da gwaji na kasuwa huɗu. A Waca za a yi gyara babu Wada, a Mallawa Wada babu gyara, kuma kuɗi za a duba.

Kasuwar farko sai dai a ce Allah ya kyauta. Matan Mallawa suka tsaya da kwalabensu suka saurari shelar tsaf, suna jiran wutsiyarta. Da suka ji ba ta zo ba, suka juya wajen masu man Najeriya. A Waca kuwa, inda ko tarinsa ba a ji ba, man ya ƙare kafin azahar. Tsoro ya kama Wada. Bai iya noma ba, bai iya ɗinki ba, abin da ya mallaka a duniya maƙogwaro ne.

Kasuwa ta biyu ya ba abokinsa Sharifu mai faci a kasuwar Mallawa kuɗi, ya sayo masa bido guda na man Hajiyar, aka ɓoye a bayan tsofaffin tayoyi. Wada ya yi shelarsa tsaf babu gyara, sannan ya kashe amsa-kuwwa ya bi mata da raɗa: a saya wajen Hajiya, a zagayo ta rumfar faci a karɓi gyara. Magana a bakin matan Mallawa ba ta buƙatar moto. Kasuwa ta uku bido ɗaya bai isa ba. A ta huɗu sai da ragon da yake kiwo don layya ya tafi, ya ce wa matarsa ya ga alamar ciwo a idon ragon.

Ranar hukunci Nabila ta juya ordinater sama da ƙasa, ta sake juyawa. Mallawa ta doke Waca, babu ko ɗigon ragi a ciki. Yarinya mai tarbiyya, ta sunkuya ta ba Baba Wada haƙuri, ta ce ta raina masa murya. Wada ya yafe mata da fuskar manya.

Hajiya ta sa aka kira gidan rediyo a gabansa aka sallame su, tana ta washe baki.

"Ashe shekara goma sha ɗaya ina zubar da maina a banza!" ta ce. "Daga yau an soke gyara ko'ina. Muryarka kaɗai ta isa, Wada. Ka koma Waca ma, ka yi musu yadda ka yi wa Mallawa."

Wada ya yi godiya, har da durƙuso. Ya fito, ya daɗe yana dukan moto kafin ta tashi. Bai nufi gida ba, sai wajen Sharifu, ya tambaye shi ko yana da wani ɗan'uwa mai rumfa a Waca.