Cikin Madam

Shekara tara tsoho Tuat yana jiran Madam ta yi ƙwai. Madam wata irin kifi ce da ake kira tam, mai dogon hanci, ta kusa tsawon mutum, kuma ita ce 'yar lelen kududdufinsa na ruwan sanyi a tudun Lam Dong. Irinsu ba sa gaggawa. Shi kuwa ya haura saba'in, babu abin da yake so irin ya ga 'ya'yanta da idonsa.

'Yarsa Quyen, wadda ta karanci kiwon kifi, ta bar masa jarkar man kifin teku. Ta ce ya riƙa cuɗa abincin Madam da shi, don shi ke sa ƙwai ya yi ƙwari, 'ya'ya su fito da lafiya. Tuat ya shinshina sau ɗaya ya rufe. Wannan ƙarnin za a ba mai juna biyu? Lokacin da matarsa Nhan ke da cikin Quyen, romon ƙafar alade aka ɗura mata, ga yarinya nan har jami'a. Sai ya koma suyar kitse a ɓoye bayan rumfa, Madam loma ɗaya, shi biyu, wai yana ɗanɗana gishiri.

Wata shida, cikin Madam ya yi tulu. Tuat ya gayyato maƙwabta, yana tafiya kamar shi ya yi cikin. Maza huɗu suka tallabo ta, Quyen ta ɗora mata na'urar hoton ciki, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ina man da na bari?"

Tuat ya kama gyaran hula.

"Kitse ne zalla, Baba. Ya danne ƙwan gaba ɗaya."

Nhan ta dubi tumbin mijinta, wanda shi ma ya ƙaru bana. "Ɗora wa tsohon nan ma, 'yata, ko nasa cikin ya fi albarka."

Kowa ya yi dariya ban da Tuat, domin Quyen ta ce sai Madam ta rame, a koma kan man kifi, ƙwai kuma sai nan da shekara biyu. Shekara biyun nan ta ba shi tsoro.

Washegari Nhan ta ɗauke kaskon suyar, ta miƙa masa dafaffen ganye. Ya cinye, ya toshe hanci, ya buɗe jarkar.

"Ni zan yi ƙoƙari in jira," ya ce wa Madam. "Ke dai kar ki makara."