Flas ɗin Gwaggo

Ranar da aka cire wa Tela injin numfashi, matarsa ta yi kukan murna. Tun da babur ya kayar da shi ya fasa kai, sai ranar ya ja iska da ƙirjinsa.

Likita ta yi mata bayani dalla-dalla. Akwai wani sinadari a jini, fosfet, shi ke ba tsoka ƙarfi, har da ta numfashi. Na mijinta ya yi ƙasa, ana ƙara masa ta jijiya. Cikin da ya daɗe babu abinci, in aka ɗura masa zaƙi lokaci guda, ɗan fosfet ɗin da ya rage a jini zai ƙare. Saboda haka madarar da ake ba shi ta robar hanci kaɗan-kaɗan ce, kada a ƙara ko cokali.

Sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, da flas kamar tulu. Gwaggo ko kwalin magani ba ta taɓa karantawa ba, amma babu cutar da ba ta warkarwa da baki. Matar Tela ta gaya mata abin da likita ta ce.

"Fos me? Yaron da na goya za a kashe da yunwa? Dubi wuyansa kamar na zakara!"

Ta zuba ido ta ga yadda nas ke sa sirinji a robar. Nas na fita, ta tsiyayo madara mai kauri daga flas, sukari har ya kwanta, ta cika sirinji ta danna. Matar Tela na kallo. Yo wa ke tsawata wa suruka? Ta sunkuyar da kai. Haka aka yi ta yi, safe da yamma.

Ba a je ko'ina ba numfashin Tela ya koma sama-sama. Hannunsa da ya fara matse na matarsa ya saki. Aka dawo da injin.

"Fosfet ya faɗi warwas," in ji likita. "Wa ya ba shi wani abu?"

Gwaggo ta kalli silin. "Tambayi matarsa, ita ke jinya."

Haushi ya turnuƙe matar Tela. Ta janyo flas daga ƙarƙashin kujera, ta danƙa wa likita.

"Gwaggo ce. Ni kuma ina kallo, wai kunya nake ji."

"Marar tarbiyya!" in ji Gwaggo.

"Na yarda, Gwaggo. Da ma na rasa tarbiyyar tun farko."

Ta koma bakin gado ta kama hannunsa. Bai matse ba.